Ni Na Ɗaga Ƙarfen Bakin Layi

Ku masu turo min saƙo kuna cewa Mai Hular Kwano ya yi sa'ar mata, don Allah ku dakata da yabon nan. Ku karanta abin da na aikata ranar Asabar tukuna, in kun gama sai ku ga ko bakinku zai iya maimaitawa. Yau ba ni da wanda zan zaga sai kaina, sai kuma Mama kaɗan, Allah ya yafe min.

Wanda bai san layinmu ba, bari in gaya masa. Layinmu yana tsakanin manyan tituna biyu, saboda haka duk direban da cunkoso ya ishe shi ta ƙofar gidanmu yake yanke. Shekara biyu da suka wuce wani ya yi ribas da motarsa ya take Baba a bakin ƙofarsa, yana tsugunne yana gyara famfo. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Tun daga nan Baba da sanda yake tafiya, motarmu kuma aka rabu da ita, tunda shi kaɗai ne mai tuƙi a gidan.

Ni na bi gida-gida da takarda ina neman sa hannu. Ni na yi sintiri a ofishin hukumar hanyoyi har masu gadi suka haddace fuskata. Da ƙyar suka ba mu gwajin wata uku: a toshe ƙarshen layin da durom-durom na furanni, a sa ƙarfe mai ɗagawa a bakinsa, masu mota su ajiye a filin bayan makaranta. Kwamitin layi ya haɗa keke mai ƙafa uku na ɗaukar tsofaffi da kaya. Sharaɗin hukuma ɗaya ne, ƙarfen nan ba a ɗaga shi sai don motar asibiti ko ta kashe gobara. In muka riƙe, su bar mana layin har abada. In muka kasa, su tumɓuke ƙarfensu. Ranar Lahadi ƙarfe goma jami'arsu za ta zo taron ƙarshe.

Makullin kwaɗon guda biyu ne. Ɗaya a wurina, tunda ni ce sakatariya. Ɗayan a wuyan Mai Hular Kwano, saurayina, shi ma ɗan kwamiti ne.

Shi ɗin a ɗakin gwajin jini yake aiki a asibiti, da keke yake zuwa, duk Asabar da safe kuma yana zama ƙarƙashin bishiyar layinmu yana gyara wa yara kekuna kyauta. A nan na fara ganinsa, hannu duk baƙin mai, yana lallashin wata yarinya da sarƙar kekenta ta fita. Mama ce ta raɗa masa Mai Hular Kwano, kuma ba don so ba.

"Namiji da aikinsa da albashinsa," in ji ta, "ya zo zance da kwano a ka kamar mai gudun jifa."

Na san inda ƙafar Mama take ciwo. Tun da aka sa ƙarfen, matan layi masu mota suke yaɗa cewa hassada ce ta sa muka rufe hanya, wai tunda tamu ta tafi muke so kowa ya taka da ƙafa. Wata ma a gaban idonta ta faɗa a shagon kayan miya, tana dariya. Mama ta dawo ba ta sayi komai ba, ta shige ɗaki. Ni na ɗauka ta manta. Ashe ta ciki na ciki.

Ranar Laraba Mai Hular Kwano ya turo min saƙo ina kantin maganin da nake aiki.

"Mai Makulli, Kawu ya ce Asabar ƙarfe huɗu zai zo ya gaida Baba. Kin shirya?"

Na karanta sau nawa ban sani ba. Na ba wata mata maganin tari ina murmushi har ta tambaye ni ko lafiya.

Da na faɗa a gida, Baba ya ce Alhamdulillahi. Mama kuwa tambaya ɗaya ta yi.

"A me za su zo?"

"Kawun zai ajiye motarsa a fili, sai a kawo shi a keken kwamiti."

"Wane keke? Wanda ake ɗauko tukunyar gas a ciki?"

"Mama, yana da kujera da rumfa, Baba ma a ciki yake zuwa..."

"Babanki ɗan gida ne. Dattijo baƙo, ranar farko, a tallabo shi kamar buhun siminti? Auta, kina da hankali kuwa?"

Na tura masa saƙo na ce Mama fa ta damu. Ya amsa da hoton keken, ya wanke shi tas, har ya ɗaura sabon matashi a kujerar. Ya rubuta: "Kawu ya ce shi tun yana yaro bai hau keke ba, har ɗoki yake."

Na nuna wa Mama. Ta kalli hoton ta miƙo min wayata kamar na ba ta ƙazanta.

Ranar Juma'a Yaya ta iso, babbar yayata, da turarenta da jakarta da ƙorafin tafiyar da ta yi daga fili. Suka shige ɗaki suka tura ƙofa. Ina wanke labulen falo ina jin ƙus-ƙus. Da suka kira ni na san an gama dafawa, ci kawai ya rage.

Yaya ta ce, "Mun bar maganar keken, su zo a duk abin da suka ga dama. Abu ɗaya muke so. Abban yara zai zo da motarsa, ki ɗaga masa ƙarfe ya ajiye ta a ƙofar gida. Shi ke nan."

"Don me?"

"Don su ga gidan nan ba gidan matsiyata ba ne. Kada gobe danginsa su ce sun tsinto ki a layin da ko taya ba ta shiga."

Na ce ba zai yiwu ba. Na ce saura kwana biyu gwajin ya ƙare. Na tuna musu cewa Tela, mai shago a daidai bakin ƙarfen, ya roƙe ni in ɗaga masa ranar da aka kawo sabon kekensa na ɗinki, na hana, sai a keken kwamiti aka shigo da shi yana bin mu a baya yana tsine wa ranar da aka haifi kwamiti. Na hana mai jego. Na hana mai tashi daga gida da gadonsa da katifarsa. Da wane ido zan kalle su?

Mama ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da na ci nasara, na iya faɗa. Zama ta yi a bakin gado ta zare ɗankwalinta, furfurar nan duk ta bayyana, ta ce:

"Shekara biyu ina wanke babanki ina juya shi. Ban taɓa roƙonki komai ba. Kin sa an mai da ni abin dariya a layin da na yi shekara talatin, na haɗiye. Rana ɗaya tak nake so in ɗaga kaina, ke kuma kin fi son ƙarfe da ni."

Ku da ba ku da uwa irin tawa za ku ce ai sai in tsaya a kan bakana. Ku da kuke da ita kun riga kun san amsar da na bayar. Na ce minti ɗaya, mota ɗaya, in rufe.

Ban gaya masa ba. Ya kira ni bayan la'asar yana tambayar wane lemo Baba yake sha, na amsa masa lafiya lau, har da tsokana.

Asabar tun safe gidan ya kacame. An shimfiɗa dardumar da ba a fito da ita sai baƙi, an jera kofunan gilashin da Mama ke ɓoyewa a saman kabad. Rigata doguwa ce mai ruwan zuma da aiki a wuya, Tela ne ya ɗinka, ya kawo ta da kansa yana cewa, "Sakatariya, kin kashe min kasuwa amma ba zan ɓata miki riga ba." Baba ya yi wanka da wuri ya sa fararen kayansa, aka fitar masa da kujerarsa ta roba ƙofar gida. Tun da aka rufe layin nan kullum a nan yake wuni, yana kallon yara suna tseren keke, yana yi musu alƙalanci. Kafin nan shekara guda da rabi bai yarda ya zauna a waje ba.

Uku da rabi mijin Yaya ya kira ya ce yana bakin ƙarfe. Na zura hijabi a kan rigar barci, makullin a tafin hannuna har ya yi gumi. Na leƙa shagon Tela, a rufe, ya manna takarda cewa ya je kai ɗinki. Yara suna can ƙasan layi wajen furanni. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na buɗe kwaɗon na ɗaga ƙarfen. Motar ta shige, baƙa, doguwa, gilasanta a rufe. Ina shirin saukewa wayata ta yi ƙara, Yaya ce.

"Auta kina ina? Mutuminki ya kira Baba ya ce sun iso fili! Ki zo ki sa kaya, ko fuska ba ki wanke ba!"

Jama'a, na rantse na sauke ƙarfen. Na sauke shi. Amma kwaɗon, rataya shi kawai na yi a jikin sarƙa ban danna ba, ina hango ranar da za a ce kawunsa ya tarar da ni da rigar barci a bakin titi. Na kwasa da gudu.

Ina gaban madubi Yaya tana ɗaura min ɗankwali na ji hon na farko. Sai na biyu. Sai layin ya ɗauka gaba ɗaya kamar an buɗe kasuwa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Wani direba da ya ga baƙar motar ta shige ya fito ya taɓa ƙarfen, ya ga a sake yake, ya ɗaga ya bar shi a sama. Babban titi a cushe yake, kowa ya ga tsohuwar hanyar yanke ta buɗe. Suka kwararo. Na gaba ya je ƙarshe ya tarar da durom-durom na furanni, ba hanya. Na baya bai sani ba yana ta turowa. Layin da mota biyu ba sa giftawa a cikinsa.

Na fito ba takalmi, ɗankwali a hannu. Motoci sun kai goma sha biyar, hanci da wutsiya, hayaƙi ya turnuƙe. Iyaye mata suna ta ihu suna kiran sunayen 'ya'yansu. Wata motar ɗaukar kaya tana ribas ta bi ta kan jan keken 'yar maƙwabciyarmu, yarinyar ta faɗa kwata, gwiwar hannunta tana jini. Ita ce wadda na fara ganinsa yana lallashi.

Sai na juya na ga Baba. Wata farar mota tana ja da baya tana neman juyawa a ƙofar gidanmu, bayanta yana matsowa wajen kujerarsa. Sandarsa ta faɗi. Bai yi ihu ba, bai motsa ba, ya riƙe hannun kujerar da hannu biyu ya runtse ido yana jira. Ni kuwa na tsaya ina kallo.

Ban ga ta inda ya ɓullo ba. Na dai ga hular kwano da farar riga sun tsallake gaban wata mota, ya daki bayan farar motar da tafin hannu har direban ya taka birki, ya sunkuci Baba kamar yaro ya shigar da shi cikin gida. Ya fito bai ko kalle ni ba. Ya ɗauko yarinyar daga kwata ya miƙa wa uwarta, ya ce a wanke da ruwa mai tsabta, ba karaya. Sannan ya tsaya tsakiyar layi yana fitar da motocin ɗaya bayan ɗaya da baya, suna zaginsa yana ba su haƙuri. Kusan awa guda. Kawunsa yana zaune a keken kwamiti a bakin layi, a kan sabon matashin, yana kallon ikon Allah.

Mama tana tsaye a bayana ta dafe ƙirji. Na juya na ce mata, "Ga motoci nan a ƙofarki, Mama. Sun isa ko a ƙaro?" Wannan ce magana mafi muni da na taɓa gaya mata, kuma har yanzu ban ji na yi nadamarta ba.

An yi gaisuwar dai. Shi yana zaune a kan dardumar baƙi, farar rigarsa duk ruwan kwata da baƙin taya. Kawu mutum ne mai fara'a, ya ce rabonsa da ganin irin wannan wasa tun yana soja. Ya yaba wa mijin Yaya motarsa, ya ce, "Kai ma cunkoson ne ya koro ka ciki?" Mijin Yaya ya ce eh wallahi, a buɗe ya tarar. Na shigo da tiren kofunan Mama na ajiye. Baba bai sha lemonsa ba.

Kafin su tafi guruf ɗin layi na waya ya kama da wuta. An tura bidiyon keken yarinyar a murƙushe. Jami'ar hukuma tana cikin guruf ɗin, ta rubuta layi ɗaya: "Na gani. Gobe ina so in san wa ya buɗe." Nan take wani ya ce Tela ne, ai shagonsa ne a wurin, kuma ya rufe ya gudu. Wata ta ce tun farko shi ke cewa masu kawo ɗinki sun daina zuwa. Kafin magariba sun yanke hukunci, kowa ya karɓe yadinsa daga shagonsa, mai gidan kuma a ce ya tashe shi. Tela ya turo saƙon murya:

"Ni na ce a buɗe layi, ban musa ba. Amma da baki na faɗa, ban sa hannu ba. 'Ya'yana ma a layin nan suke wasa."

Ba wanda ya amsa masa. Ni ma, sakatariya, ina riƙe da wayar na ga saƙon ya wuce sama.

Mama ta same ni a kicin ina wanke kofuna. Ta tura ƙofa ta rage murya.

"A bar kaza cikin gashinta. Ba wanda ya gan ki. In kika buɗe baki sun samu abin faɗa har jikokinmu, kuma yaron nan ba zai sake tako gidan nan ba."

"Au, yanzu yaron nan ne? Ba Mai Hular Kwano ba?"

"Ya ɗauki babanki a hannunsa," in ji ta, ta kau da kai. "Tela namiji ne, zai samu wani shagon."

Kun ji fa. Ranar da Mama ta fara son sa ita ce ranar da na daina cancantarsa.

Bai kira ni ba ranar. Kullum yakan turo "kin ci abinci?" ko hoton wani abin dariya daga wurin aiki. Shiru. Na rubuta "sannu da aiki" na goge. Na rubuta "ina so mu yi magana" na goge. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko ƙarar cokali na ji sai in duba waya.

Lahadi da safe na yi wanka na sa baƙar doguwar riga, na ɗauki littafin taro, makullin yana cikin jaka yana min nauyi. Ta taga ina hango mutane suna jera kujeru ƙarƙashin bishiya. Wata mata ta fito daga shagon Tela rungume da yadinta da ba a ɗinka ba. Tara da minti arba'in saƙonsa ya shigo. Bai ce Mai Makulli ba.

"Na duba kwaɗon jiya kafin in rufe. Ba a fasa shi ba, buɗe shi aka yi. Makulli biyu ne, nawa bai bar wuyana ba. Ba zan zauna a kori Tela ina kallo ba. Ƙarfe goma zan tashi in faɗi abin da na gani. Na fi so ki riga ni tashi."

Na zauna a bakin gado. In na tashi na faɗa, jami'ar za ta rubuta cewa wadda ta kawo takardar da hannunta ita ta karya sharaɗin, ƙarfen ya tafi, kujerar Baba ta koma ɗaki. In na yi shiru, shi zai faɗa, in rasa layin in rasa shi.

Na fito falo na tarar da Mama ta tsaya a bakin ƙofa, ta zare makullin gidan ta riƙe.

"Ba inda za ki. Ki ce musu kanki na ciwo."

"Mama, ki matsa."

"In kika fita ƙofar nan ki tona mana asiri, Auta, ban..."

Ba ta ƙarasa ba. Ƙwas, ƙwas, muka ji sanda a kan siminti. Baba ne ya fito daga ɗakinsa, ya sa hularsa, ya sa takalmin da rabonsa da shi tun kafin hatsarin. Bai kalli Mama ba. Ni ya kalla, kallon da na gwammace mari a kansa.

"Jiya ina zaune a waje tun ƙarfe uku," ya ce. "Ƙafata ce ta lalace, idona lafiyarsa lau. Buɗe ƙofar, Hajiya. Ke kuma riƙe min hannu, a kujerar gaba za mu zauna."